Kano zuwa Legas: nisan sama, nisan ƙasa, da wanda ya dace da matafiyi

Idan aka ja zare a kan taswira daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, tsawonsa zai kai kimanin kilomita 830. Idan kuma aka bi kwalta, mafi gajartar hanya takan ci kilomita 1,000 ko ɗan fiye da haka, mai tsawon cikinsu kuma ta haura 1,100. Ratar da ke tsakanin lissafin biyu ba ta taka kara ta karya ba, domin ƙarin bai wuce kilomita ɗari biyu zuwa ɗari uku ba, wato kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Kaduna. Amma jirgin sama yakan gama aikinsa cikin kusan awa ɗaya da rabi, alhali motar haya takan yi awa 16 zuwa 20 idan hanya ta yi kyau, wani lokaci ma ta kwana ta wuni. Wannan ya sa nake ganin duk wanda zai zaɓi yadda zai je Ikko ya kamata ya ajiye lissafin kilomita a gefe, ya auna tafiyar da abubuwa uku: awannin da zai ɓatar daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masaukinsa, nauyin abin da yake ɗauke da shi, da abin da jikinsa da aljihunsa za su iya jurewa.

Dalilin da ya sa hanyar mota ta fi zaren taswira tsawo a bayyane yake. Legas tana kudu maso yammacin Kano, kuma tsakaninsu akwai kogin Kwara, wanda babu yadda za a yi mota ta tsallake shi sai ta kan gada. Gadojin da matafiyin Kano ke amfani da su biyu ne: ta Jebba, a kan iyakar jihohin Neja da Kwara, da gadar Murtala Muhammed da ke Jamata kafin a shiga Lokoja. Zaɓin gada shi ne zaɓin hanya, kuma shi ne yake yanke tsawon tafiyar tun kafin a bar tasha.

Dukkan hanyoyin suna farawa da titi guda. Ana fita ta Unguwa Uku da Na'ibawa, a wuce Kura, Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, a isa Zariya bayan kimanin kilomita 150, sannan a bi ta Jaji da Mararrabar Jos a shiga Kaduna ta Kawo, inda aka ci kusan kilomita 230. Wannan ɓangaren tagwayen hanya ne, kuma tun da aka sake gina shi ya zama mafi sauƙin tafiyar baki ɗaya, har mutum ya ɗauka cewa haka za a zarce. A Kaduna ne hanya take rabuwa.

Tsohuwar hanya, wadda direbobin da suka daɗe a sana'a suka fi sani, ita ce ta Birnin Gwari, Tegina, Makera, Bokani da Mokwa, sannan a haye gadar Jebba a gangara Ilori. Ita ce mafi kusa da zaren taswira, kuma da a ce lafiyarta ƙalau, babu wanda zai bi wata. Sai dai shekaru da yawa 'yan fashin daji sun hana ta sakat, har motocin haya suka ƙaurace mata, kuma ko bayan sulhun da aka yi a ƙarshen shekarar 2024, wanda ya sa manyan motoci suka koma bin ta, lalacewar kwaltar tana nan a wurare da dama. Waɗanda suke son gadar Jebba amma ba sa son dajin Birnin Gwari sukan miƙe titin Abuja har mahaɗar Dikko kusa da Suleja, su karya ta Lambata, Lapai, Agaie da Bida, su fito Mokwa. Wannan zagaye yana ƙara tsawo kaɗan, kuma ita ce hanyar da tankokin mai da tireloli suka fi yi wa yawa, ta yadda motar da ta lalace guda ɗaya a wuri mai ƙunci takan tsayar da jerin gwanon da ba a ganin ƙarshensa.

Hanya ta uku ita ce ta Lokoja. Daga Kaduna a wuce Tafa, Zuba, Gwagwalada, Abaji da Koton Ƙarfe, a haye gadar Jamata, a ratsa Lokoja da Okene, sannan a shiga ƙasar Yarabawa ta Owo, Akure, Ilesha da Ife har zuwa Ibadan. Ta fi sauran tsawo, amma tana da garuruwa kusa da juna, gidajen mai da wuraren cin abinci, kuma akwai Abuja a tsakiya ga wanda yake son ya raba tafiyar gida biyu. Ita ma tana da nata ciwon. A daminar 2012 da ta 2022 ruwa ya shanye titin a wajen Koton Ƙarfe da Lokoja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hanyar Jebba ma ba ta tsira daga ruwa ba, domin gadar Tatabu ta karye a 2017, kuma ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta hallaka mutane da yawa, ta datse hanyar na wani lokaci. Saboda haka mai tafiyar damina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, bai kamata ya biya kuɗin mota ba sai ya tambayi direban da ya dawo jiya halin da gadojin suke ciki.

Duk hanyar da aka bi, ƙarshenta Ibadan ne, sannan babban titin Ibadan zuwa Legas mai tsawon kimanin kilomita 127, wanda aka buɗe a 1978. Wanda ya biyo ta Ilori sai ya fara ratsa tsakanin Ogbomosho da Oyo, inda aikin mayar da hanyar tagwaye ya daɗe bai kammala ba, manyan motoci kuma suna gogayya da ƙanana a kan siririn titi. A ganina wannan ɗan tsakanin ya fi kowane wuri a kudancin tafiyar tayar da hankali, domin a lokacin da ake isa can direba ya riga ya gaji, fasinja kuma ya fara gyangyaɗi.

Lissafi mai sauƙi zai nuna inda lokaci yake zurarewa. Motar da za ta riƙe gudun kilomita 70 a awa ba tare da tsayawa ba za ta gama kilomita 1,050 cikin awa 15. Amma babu motar da ba ta tsayawa. Akwai shan mai, akwai salla, akwai cin abinci, akwai shingayen bincike na 'yan sanda, sojoji, kwastan da jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda ba su ƙirguwa tsakanin Kaduna da Ibadan, kuma kowanne yana cin mintuna kaɗan da suke taruwa su zama awanni. Akwai ramukan da suke tilasta wa direba ya koma tafiyar hawainiya. Kafin duk wannan ma akwai jiran lodi, domin motar tasha ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi. Mutumin da 'yan kamasho suka ce wa saura mutum biyu a tashi yana iya yin awa uku a zaune kafin taya ta motsa.

Na taɓa yin wannan tafiya a safa daga tashar da ke Sabon Gari, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba tsawon hanyar ba ne, yanayin jikin mutane ne da gari ya waye. Mun bar Kano bayan la'asar, ƙasan motar maƙare da buhuna da jarkoki, tsakiyarta kuma an jera wasu fasinjojin a kan ƙananan kujeru. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda za ta je ganin 'yarta da ta haihu a Agege, ta riƙe ƙullin kuka da daddawa da yajin jego a cinyarta tun daga Kano, ba ta yarda an sa shi a ƙasa ba. Da hantsi, da muka tsaya a Ogere, a kan titin Ibadan zuwa Legas, cikin ɗaruruwan tireloli da hayaƙin gas, ta yi yunƙurin miƙewa ta kasa, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Na ce mata, “Baba, ki dafa ni mu sauka ki ɗan taka.” Ta ce, “Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Da na san haka hanyar take, da na bari sun biya mini jirgin da suka ce.” Kuɗin da ta yi tattali don kada ta ɗora wa surukinta nauyi, na tabbata wani abu daga cikinsa ya tafi wajen magani da kwanakin jinya.

Jirgin sama shi ma ba awa ɗaya da rabi ba ne idan aka yi masa adalcin da aka yi wa mota. Filin jirgin Kano yana da wata falala da ba kowane gari yake da ita ba, wato yana manne da gari, ta yadda daga yawancin unguwanni ba a wuce rabin awa ko minti arba'in kafin a isa. Shi ne kuma mafi daɗewa a ƙasar, domin a Kano jiragen sama suka fara sauka a Najeriya a shekarar 1925. Ana son fasinja ya isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi, domin tantance tikiti, auna kaya da binciken tsaro. Bayan an sauka a Ikeja akwai jiran kaya na kimanin rabin awa, sannan a fuskanci titunan Legas. Wanda masaukinsa yake Agege ko cikin Ikeja ya huta, domin kusa ne. Wanda zai je Mile 12 ko Idi Araba yana da ɗan aiki. Wanda kuwa zai tsallaka tsibiri ko ya zarce Lekki, ta gadar nan ta Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, idan ya faɗa cunkoson safe ko na yamma yana iya ɗaukar lokacin da ya fi wanda ya yi a sama. Idan aka tara duka, tafiyar jirgi daga ƙofa zuwa ƙofa takan kama awa biyar zuwa shida. Wannan shi ne adadin da ya dace a kwatanta da awa 18 ko 20 na mota, kuma ko da haka jirgi ya ninka mota sauri sau uku ko huɗu.

Akwai abu guda da ya kamata mai sayen tikiti ya duba da idonsa, shi ne ko jirgin kai tsaye zai tafi ko zai ya da zango a Abuja. Daga Kano zuwa Abuja ta sama bai kai awa guda ba, daga Abuja zuwa Legas kuma awa guda ne da 'yan mintuna, amma sauka da sake tashi, balle a ce sai an canza jirgi, suna iya mayar da tafiyar ta zama ta rabin wuni.

Babban raunin jirgi a wannan hanya shi ne rashin tabbas, kuma hazo ne kan gaba wajen haddasa shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙura ta taso daga sahara ta lulluɓe Kano, matuƙi ba ya iya hangen titin sauka, dokar sufurin sama kuma ba ta yarda ya yi ganganci ba. Jirgin da zai ɗauki fasinja daga Kano yawanci daga Legas ko Abuja yake zuwa, don haka idan bai samu ya sauka ba, babu abin da zai tashi. A wani watan Janairu na isa filin jirgi da sassafe ina da ganawa a Legas da azahar, aka ce mu jira awa ɗaya, aka ƙara biyu, har aka kira la'asar muna zaune muna kallon sararin da ya yi fari fat kamar an watsa gari, daga bisani aka sanar cewa an soke tashin. Washegari na tafi, amma abin da na je nema ya riga ya wuce. Ban ga laifin kowa a kan hazo ba, kuma na fi son a soke tashi da a jefa rayuka cikin haɗari, sai dai tun daga ranar na daina sayen tikitin ranar da nake da alƙawari a lokacin hunturu. Da damina ma hadari da tsawa a Legas suna jinkirta sauka. Jirgin safe ya fi na yamma cika alƙawari, domin jinkirin da ya faru da safe yakan bi jirgin duk wunin yana ƙaruwa. Dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ba fasinja damar karɓar kuɗinsa ko a sauya masa rana idan an soke tashi, amma ba ta iya dawo masa da ranar da ta tafi.

A fannin kuɗi kuwa mota ce take da rinjaye, kuma ba da ƙaramin rata ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da na jirgi duk sun tashi, amma na jirgi ya fi yin nisa, domin man jirgi, kayan gyara da hayar jiragen duk da dala ake lissafinsu. Ya kai ga tikitin zuwa kaɗai yakan zarce mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya: wanda ya saya da makonni kafin tafiya yakan samu rangwame, wanda ya saya ana gobe tafiya ko gab da salla da ƙarshen shekara yakan biya ninki. Magidancin da zai tafi da matarsa da 'ya'ya huɗu, idan ya ninka kuɗin tikiti sau shida, sau da yawa maganar jirgi ta mutu a nan take, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Duk da haka ina roƙon mai lissafi ya haɗa da kuɗin da ba a rubuta a tikitin mota ba. Akwai abincin hanya sau biyu ko uku, akwai kuɗin kaya da ake ƙarawa a tasha, akwai masauki idan an raba tafiyar, sannan akwai kwana biyu da aka rasa, ɗaya a hanya ɗaya wajen warware gajiya, a zuwa da kuma a dawowa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da shagonsa ke kawo masa riba mai kauri kowace rana, idan ya rufe ko ya bar wa yara na ƙarin kwana uku ko huɗu don ya tsimi kuɗin jirgi, sau da yawa asara ya yi ba tattali ba. Ɗalibi ko mai neman aikin da lokacinsa ya fi kuɗinsa yawa kuwa, lissafinsa ya sha bamban, mota ce daidai da shi.

Maganar kaya ita ce take juya hukuncin gaba ɗaya. Jirgin cikin gida yakan ba fasinja damar kaya kimanin kilo 20 da 'yar jakar hannu, abin da ya haura kuma a biya shi kilo-kilo da tsada, ban da abubuwan da ba a yarda a shiga da su ba. Alhali dangantakar Kano da Legas tun asali ta kaya ce. Hatsi daga Dawanau, tumatir da tattasai daga Kadawa da Kwanar Gafan, shanu daga Wudil, albasa da fata, duk ta kwalta suke gangarawa zuwa kasuwar Mile 12, kasuwar shanu ta Kara da mayankar Oko-Oba, yayin da goro, manja da kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa suke hawowa. Tirela takan yi kwana biyu zuwa uku a hanya, ga mai tumatir kuwa kowace awa da aka ƙara a shinge ko a cunkoso kwando ne yake ruɓewa. Babu jirgin fasinja da zai maye gurbin wannan. Abin da na ga 'yan kasuwa masu dabara suna yi shi ne raba kansu da kayansu: su ɗora kaya a mota tare da yaron da suka amince da shi, ko su ba direban da suka sani da takardar kaya da lambar waya, su kuma su bi jirgi su riga kayan isa, su shirya mai saye da wurin saukewa. Wanda jarinsa bai kai haka ba shi ne yake hawa saman lodi, kuma wannan ita ce mafi haɗarin duk hanyoyin zuwa Legas, domin idan babbar mota ta kife, waɗanda ke kan kaya ne suke fara tafiya.

Batun tsaron rai yana bukatar a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Mutane da yawa suna tsoron jirgi, kuma Kanawa suna da dalilin tunawa, domin jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja a ranar 4 ga Mayun 2002 bai fita daga zukata ba, haka ma wanda ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas a watan Yunin 2012. Amma haɗarin jirgin fasinja abu ne da ake shekaru ba a gani ba, alhali alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra suna nuna cewa fiye da mutum 5,000 suke mutuwa a titunan ƙasar nan kowace shekara, ban da waɗanda ba a kai rahotonsu ba. A mahaɗar Dikko, wadda mai bin hanyar Bida ko ta Lokoja dole ya ratsa, tankar mai ta fashe a watan Janairun 2025 ta ci rayuka masu yawa. A kan wannan sai a ƙara fargabar masu garkuwa da mutane, wadda ta addabi titin Kaduna zuwa Abuja na tsawon shekaru, ta kuma taɓa yankin Lokoja, Okene da dazukan Ondo. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma idan ana maganar tsira da rai kaɗai, jirgi ya fi mota nesa ba kusa ba.

Jirgin ƙasa, wanda da shi ne mafita ta tsakiya, bai haɗu ba tukuna. Tsohon layin dogo mai tsawon kilomita 1,126, wanda ya iso Kano a 1911, ko a lokacin da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 yakan yi fiye da awa 30. Sabon layi ya tsaya gutsure-gutsure: Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan tun 2021, na Kaduna zuwa Kano kuma ana kan aiki. Amfaninsa ga matafiyin yau shi ne wanda ya iso Ibadan a gajiye yana iya shiga jirgin a Moniya ya sauka a Ebute Metta cikin kimanin awa biyu da rabi, ya kauce wa cunkoson shiga Legas ta Berger, muddin lokacinsa ya dace da na tashin jirgin.

Ga mara lafiya da za a kai asibiti, ga tsoho, ga mai juna biyu da likita ya yarda ta yi tafiya, ga mai jarrabawa ko ganawa a ofishin jakadanci, ga wanda zai kama jirgin ƙasar waje, ban ga dalilin bin mota ba idan har akwai halin tikiti, ko da sai an haɗa da gudummawar 'yan'uwa. Sharaɗin kawai shi ne a tafi kwana guda kafin ranar bukata, a zaɓi jirgin safe mai tafiya kai tsaye, a lokacin hazo kuma a ƙara kwana na biyu. Ga mai kaya, mai iyali da yawa, da wanda aljihunsa bai kai ba, mota ce, amma yadda aka bi ta shi ne yake bambanta wahala da halaka.

Wanda zai tuƙa motarsa, shawarata ita ce kada ya yi wa tafiyar shan ruwa ɗaya. Ya bar Kano bayan sallar asuba, ya ratsa Kaduna da hantsi, ya kwana a Abuja ko Lokoja idan ta gadar Jamata zai bi, ko ya yi ƙoƙarin kai wa Ilori kafin magariba idan ta Jebba ce kuma hanya ta ba da dama, in ba ta bayar ba ya tsaya a Bida ko Mokwa tun da sauran rana. Washegari ya sake sammako, domin ya shiga Legas kafin cunkoson yamma. Tafiyar ta zarce nisan da shari'a ta halatta yin ƙasaru a cikinsa sau goma da ɗoriya, don haka salla ba za ta zama hujjar tsayawa a dajin da ba a sani ba, sai a yi ta a cikin gari ko a gidan mai da ke da jama'a. Ya cika tanki duk inda ya samu kafin ya kai rabi, ya duba tayoyi da birki tun a gida, takardun mota su kasance a hannu domin shingaye. Wanda zai bi motar haya kuma ya shiga a cikin tasha inda ake rubuta sunayen fasinjoji da lambar wayar 'yan'uwansu, kada ya tsayar da mota a bakin titi don arha, ya fifita mai tashi da asuba a kan mai tashi da yamma, kuma ya tambaya tun kafin ya biya ko direba ɗaya ne zai kai su ko biyu ne za su riƙa karɓar juna, sannan ta wace gada za a haye.